Shanuna biyu sun mutu a hannun Baffa, nasa ko tari babu mai yi

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a sakaya sunana. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Gombe amma asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Kumo. A watan Maris na ci bashin kofaretib a wurin aiki na haɗa da ɗan abin da na tara na sayo karsana uku, ruwa biyun nan masu jinin shanun Turawa, daga wata gona ta wajen Jos, da niyyar in fara harkar madara. Na kai su ruga wurin wani dattijo da muke kira Baffa, shi ya riƙe wa mahaifinmu shanu sama da shekara 30 har Allah ya yi wa mahaifin namu rasuwa. Ranar da aka sauke su da hannuna na yi musu feshin maganin kaska.

Farkon Yuli Baffa ya kira ni wai ɗaya ba lafiya, kafin in iso washegari ta mutu. Ya ce kwana biyu ta yi ba ta kiwo ya ba ta jiƙo, daga baya ta fara zagaye tana tauna baki ba komai a ciki, ta faɗi tana shure-shure. Bayan sati uku ta biyu ta kama, ita an samu an yanka, mahaucin ya nuna min wani ruwa ɗorawa-ɗorawa cike da jakar zuciyarta da ƙirjinta ga kumfa a maƙogwaro. Likitan dabbobin da na kira ya ce ciwon kaska ne. Ni dai abin bai shige ni ba. Shanun Baffa sun fi 40, kaska jingim a jikinsu, ko tari babu mai yi, kuma ya rantse min rabon da wata dabba ta yi irin wannan ciwon a rugar an fi shekara. To a ina kaskar ta samo ciwon? 'Yan'uwana sun ce ko dai an ba su wani abu ne saboda hassada, ko kuma wani sa da maƙwabcin Baffa ya sayo a kasuwar Kumo sati ɗaya kafin ta farkon ta mutu shi ya kawo. Matata kuma kullum sai ta tuna min ana yankar albashina a kan shanun da babu su. Cikin zafin rai na faɗa wa Baffa magana a gaban 'ya'yansa, na ce amanar da ya riƙe wa babanmu tare aka binne su, bai ce komai ba sai cewa ya yi Allah ya sani. Yanzu Hajiyarmu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Saura karsana ɗaya kuma tana da ciki. In kai ƙara wurin hakimi ya biya ni ne, ko in ɗauke abata in rabu da shi? Wallahi barci ma ba na iya yi.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da mafi alheri, asarar karsana biyu ga mai albashi ba wasa ba ce balle a ce kuɗin bashi ne, duk ƙarshen wata in alat ya shigo sai ciwon ya dawo sabo. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma inaga ba mutuwar shanun kaɗai ke hana ka barci ba, maganar nan da ta kuɓuce maka a gaban yaran Baffa ita ma tana cinka, in ba haka ba da ba ka kawo ta kalma-kalma yadda ka faɗe ta ba. Za mu zo kanta. Amma bari mu fara da tambayarka, a ina kaskar ta samo ciwon, don duk zargin da ke yawo a gidanku a kanta ya rataya.

Ban ga shanun ba, amma abin da ka zayyana, ƙin kiwo, zagaye, tauna iska, shure-shure, ruwa a jakar zuciya da kumfa a maƙogwaro, ya zo daidai da maganar likitanka. Ciwon ruwan zuciya kenan. Wata bakteriya ce ke kawo shi, a littafin likitoci sunanta Ehrlichia ruminantium, tun 1925 wani masani mai suna Cowdry ya gano ta a Afirka ta Kudu. In ta shiga jikin dabba sai ta tare a bangon jijiyoyin jini ta ciki, jijiyoyin su fara yoyo, yoyon nan shi ne ruwan da mahauci ya nuna maka, in ya taɓa ƙwaƙwalwa kuma sai kaga dabba ta rikice kamar mai farfaɗiya. Ba ta bin iska, ba ta bin ruwan sha, saniya ba ta shafa wa 'yar'uwarta ko da kanwa ɗaya suke lasa. Sai ta bakin kaska, kuma ba kowace kaska ba, a ƙasarmu babbar nan ce mai ado a gadon baya, zane ruwan goro, ƙafafu masu ratsi-ratsi da dogon baki, wadda Fulani ke ce wa koti don su bambanta ta da ƙananan da suke kira miri. Ita ce dai ke buɗe wa kirci hanya da damina. Baffa ya fi ni da kai saninta nesa ba kusa ba.

Inda yawancinmu muke kuskure shi ne muna ɗaukar kaska kamar sauro, ta ciji wannan yau gobe ta ciji wancan. Sam ba haka take ba. Koti sau uku kacal take cin abinci a duk rayuwarta, a jikin dabba uku daban-daban, kuma rayuwar tata a yanayi irin namu kusan shekara guda ce cur, mafi yawanta ma a ƙasa take yinta ba a jikin saniya ba. Uwar in ta sha jini ta kumbura sai ta saki ta faɗo, ta zuba ƙwai dubbai, har yakan kai wajen 20,000, ta mutu. Wajen ƙarshen damina zuwa kaka ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan ƙanana kamar garin barkono, ƙafarsu shida, su hau bakin ciyawa su yi cincirindo suna jiran mai wucewa. Duk wanda ya taɓa ratsa ciyawa lokacin kaka ya duba ƙafar wandonsa ya ga ta yi ja-ja da wasu ɗige-ɗige masu motsi ya san su, ni muna yara da tsinken tsintsiya muke kankare su muna susa har dare. Su kama akuya ko tunkiya ko maraƙi, har zabo da balbela ba su bari ba, su sha na kwanaki kaɗan su faɗo. A ƙasa sai ta yi saɓa kamar maciji, ta fito da ƙafa takwas ta zama matsakaiciya. Cikin hunturu zuwa rani matsakaiciyar ta sake kama wata dabbar daban, ta sha ta faɗo, ta sake saɓa ta zama babba, sai ta laɓe ƙarƙashin busassun ganye da tsagar ƙasa tana jiran ruwa. Damina na sauka manyan su fito. Namijin ne ke fara kamawa ya saki wani wari da ke kiran sauran, shi ya sa kake ganinsu curi guda a hantsa ko hammata ko ƙarƙashin wutsiya.

Toh ga inda maganar take. In 'yar ƙaramar nan ta sha jinin dabbar da ke ɗauke da bakteriyar, bakteriyar ba narkewa take yi tare da jinin ba. Kaska ba ta narka abinci irin namu, bangon hanjinta ne ke haɗiyar jinin kaɗan-kaɗan yana narka shi a cikinsa a hankali, to a cikin wannan bangon baƙuwar ke samun masauki, ta yi ɗaki ta fara hayayyafa. Lokacin saɓa kaskar za ta yar da fatar waje, jakunkunan yawunta ma rushewa suke a gina sabbi, amma hanjin ba a yar da shi, yana haurawa da ita mataki na gaba da baƙuwar a ciki. Wadda ta ɗauka tana jaririya za ta iya zubawa tana matsakaiciya, ta kuma zubawa tana babba. Haka za ta zauna wata da watanni cikin zafin rani ba ci ba sha, kaskar ba ta ciwo ba ta mutuwa, an ga koti ta riƙe cutar har wata 15. Ranar da ta sake kama dabba, ɗumin jiki da sabon jini suka shigo, sai bakteriyar ta farka ta ƙara yawa ta gangaro cikin yawu, ita kuma kaska dama tana sha ne tana tofa yawu a ramin da ta huda don kar jinin ya daskare, shikenan ta zuba. Amma wannan farkawar tana cin lokaci, matsakaiciya kamar kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi da kamawa, babba kuma kwana biyu zuwa uku. Ka riƙe wannan lissafin zai yi maka amfani a gaba. Kuma ba koti kaɗai ke da wannan halin ba, a Amurka da Turai akwai ciwon Lyme da ke kama mutane wanda aka gano bakteriyarsa a 1982, ita ma haka take kwantawa a hanjin kaska ta tsallake saɓa ta tsallake hunturu, har rigar jikinta take canjawa in jini ya shigo kafin ta nufi yawu.

Yanzu ɗora wannan a kan naka labarin. Kaskar da ta kashe maka karsana a Yuli, mai yiwuwa tun kakar bara ko hunturun da ya wuce ta sha jinin wata akuya ko wani maraƙi a wannan dajin, lokacin kai ko fom ɗin bashin ba ka cika ba. Kuma ita dabbar da ta sha jininta ba lallai a ga ta kwanta ba, don wadda ta taɓa yi ta warke tana iya ɗaukar bakteriyar a jininta na watanni tana kiwonta lafiya lau. Kaga kenan rantsuwar Baffa gaskiya ce, maganar likita ma gaskiya ce, ba su ci karo ba. Ciwon na nan kwance a cikin ciyawa kafin motarka ta iso, kuma ba sai kaska ɗari ba, guda ɗaya mai ɗauke da shi ta isa.

Me ya sa nasa ba su yi ba? Wannan ita ce ta fi ƙona maka rai na sani. Shanun gida irin su Bunaji dama sun fi jure wannan ciwon, sannan maraƙi ana haihuwarsa da wata kariya ta halitta da ke ɗaukar kamar sati uku zuwa huɗu, in koti ta cije shi a wannan tsakanin sai ya ɗan yi abin sama-sama ba a ma lura ba ya fita da garkuwa, duk shekara kuma sabon cizo yana sabunta masa ita. Naka kuwa jinin Turawa ne da su, kuma in irin gonakin nan ne da ake tsare shanu a kan siminti ana musu feshi a kai a kai, to ƙila tunda aka haife su ba su taɓa haɗuwa da koti ba sai a rugar Baffa, suna manya, kariyar jarirai ta daɗe da wucewa. Kamar yaron da aka haifa ya girma a Ingila ne ka kawo shi Dadin Kowa tsakiyar damina ba gidan sauro, 'yan gari na ta harkarsu shi yana kwance da zazzaɓi, ba za ka ce mai masaukinsa ne ya sa masa hannu ba.

San maƙwabci kuma a sake shi ya huta. Ciwon nan daga cizo zuwa bayyana yakan ɗauki sati biyu zuwa uku, ita kuma kaskar da za ta ɗauka daga jikin san sai ta sha ta faɗo ta yi saɓa tukun kafin ta kama wata dabbar, wannan aikin makonni ne. Sati ɗaya bai isa ko rabin tafiyar ba, ranar da aka sauke shi daga kasuwar Kumo karsanarka ta riga ta kamu. Maganar an ba su wani abu kuwa, ban ce babu hassada a duniya ba, amma in ga bayani a fili wanda ya yi daidai da lokaci, ya yi daidai da abin da aka gani a cikin dabbar, ya kuma faɗi dalilin da ya sa baƙin kaɗai ya ɗauka, ban ga abin da zai sa a tsallake shi a tafi neman na ɓoye a kan dattijon da ya shekara 30 yana riƙe muku dukiya ko ɗan maraƙi bai taɓa ɓata ba. Feshin da ka yi a Maris kuma, ka yi haƙuri, ƙarfinsa na 'yan kwanaki ne, ka yi shi lokacin da manyan koti ke laɓe a ƙasa, da suka fito da saukar ruwa babu ko ƙanshinsa a jikin shanun. Ba na faɗa don in ƙara maka ciwo ba ne, wanda ya sayar maka ya kamata ya ja maka kunne cewa waɗannan ba shanun da ake sakewa a daji ba ne, bai yi ba, kai kuma ba ka sani ba.

Shi ma Baffa ba zan wanke shi tas ba. Kwana biyun nan da ya yi yana ba da jiƙo bai kira ka ba, su ne kwanakin da allura za ta iya ceton ta, don wannan ciwon in aka kama shi a matakin zazzaɓi yana jin magani, in ya kai ga zagaye da faɗuwa yawanci an makara. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, ka bar masa magani? Ka bar masa lambar likita? Ka ce masa waɗannan in sun ƙi kiwo ko na yini ɗaya ne a kira ka ko tsakar dare ne? Ya yi musu abin da ya saba yi wa nasa ne, kuma nasa suna tashi. Abin da na sani a wurin malamai shi ne wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in an tabbatar da sakaci ko ta'adi, ka tambayi limaminku ka ji. In ka je gaban hakimi shaidarka mafi ƙarfi likitan nan ne, shi kuma abin da zai faɗa ba zai taimake ka ba, ka dawo ba kuɗi ba Baffa, Hajiya kuma ta ƙara nisa. Ni dai ban ba ka shawarar ƙara ba ko kaɗan.

Abin da zan ce ka yi, ka fara da Hajiya. Ka je ba ta waya ba, ka zauna a ƙasa ka ce Hajiya na yi kuskure, na bincika na gane ba laifin Baffa ba ne, ina so ki sa baki. Fushinta ba na shanu ba ne, mutumin mijinta ka taɓa, kuma har da sunan marigayin a cikin maganar. In akwai kawu ko wani dattijo da Baffa ke jin nauyinsa ku tafi tare, da goro da sukari da ganyen shayi yadda aka saba, kuma tunda a gaban 'ya'yansa ka faɗa to a gabansu za ka janye, kar ka ja shi bayan bukka ka yi raɗa. Magana zarar bunu ce ba ta komawa yadda take, kar ka yi tsammanin ranar zai saki jiki, Bafulatani ne zai ce ba komai alhali da komai, sai a hankali. Kar ka haɗa neman afuwar da lissafin wa ya yi me. Zancen kiran waya da wuri ka bar shi sai an sha shayi an huce, ka kawo shi a matsayin yadda za mu yi nan gaba.

Matarka kuma tana da gaskiyarta, cefanen gidanta ne ya ragu. Mai yawan tuni yawanci tsoro ne ke cinsa, bai san inda abin zai tsaya ba. Ka zaunar da ita da takarda da biro, ga abin da ya rage na bashin, ga watan da zai ƙare, ga darajar karsanar da ta rage da abin cikinta, ku yanke shawarar tare. 'Yan'uwa ka yi musu bayanin kaskar nan sau ɗaya cikin mutunci, wanda ya karɓa to, wanda bai karɓa ba kar ka biye masa, ba daga albashinsa ake yanka ba.

Sai mai cikin, ita ce abin gaggawa, ta ma fi zuwa gaisuwar gaggawa don inda 'yan'uwanta suka yi kiwo ita ma ta yi. Gobe-goben nan ka sayi ma'aunin zafi a kemis ɗin dabbobi ka koya wa ɗaya daga cikin samarin Baffa yadda ake sa shi a dubura, kullum da sassafe kafin rana ta yi zafi. Lafiyayyar saniya tana wajen 38 zuwa 39, in da safe ya ga ya haura 39.5 ko ta ƙi dusa, a kira likita a take, wannan ciwon yana kai zafi 41 kuma zazzaɓin na riga sauran alamun zuwa. Maganinsa allurar oksitetrasaikilin ce wadda makiyaya ke ce wa el-e, amma likita ne zai faɗi adadi da yadda za a maimaita tunda ciki gare ta, ka roƙe shi ya zo ya duba ta tun yanzu, ka kuma tambaye shi tsarin allurar kariya da ake yi wa baƙin shanu in an kawo su wurin da ke da koti. Feshi kuma da maganin kaska na dabbobi irin su amitaraz ko wanda ake zubawa a gadon baya, a kan ƙa'idar da ke jikin kwalbar har damina ta wuce, ba sau ɗaya a manta ba, kuma dan Allah kar a kusance ta da maganin feshin wake, ya kashe shanu da yawa da sunan taimako. Sannan ka tuna lissafin nan na kwana ɗaya zuwa uku? Shi ya sa cirar kaska da hannu da Fulani ke yi ba aikin banza ba ne, in kullum aka ɗaga ƙafarta aka duba hantsa da hammata da ƙirji da ƙarƙashin wutsiya aka cire, yawancin kaskar ba za ta kai lokacin zuba cutar ba.

Inda za ta zauna kuma hanya uku na gani. Ko ka dawo da ita gida Gombe in kana da fili, a turke, a yi mata feshi kafin a ɗora ta a mota, a ci gaba da awon zafi har wata guda don tana iya tahowa da abin a jikinta, abinci kuma dusa da harawa da busasshiyar ciyawa, ɗanyar ciyawar da aka yanko daga daji tana zuwa da kaska. Ko ta zauna wurin Baffa amma a daina sakinta cikin garke, a share mata wuri a ɗaure, kaji na kewaye suna tsince abin da ya faɗo, kai kuma ka ɗau nauyin abinci da magani da ɗan hasafi ga yaron da ke kula da ita. Ko kuma in aljihu ba zai ɗauka ba, ka sayar da ita tana da darajarta ka rage bashi ka sayi Bunaji ka fara daga nan, babu abin kunya a ciki. In ni ne, tunda kai kana aji daga safe har azahar kuma ba ka taɓa karɓar haihuwar saniya ba, ta biyun zan ɗauka, kuma ɗan da za ta haifa a rugar zai haɗu da koti yana cikin kariyar jarirai, ya fi uwarsa sa'ar zama ɗan gari. In kuma ɗauke ta za ka yi, ka bari sai bayan kun shirya, kar ya zama kamar hukunci ne.

Kar kuma zafin abin ya sa ka ce sai an yi wa garken Baffa feshi har kaska ta ƙare ƙarƙaf. Ba za ta ƙare ba, tana jikin awaki da zabi da namun daji, kuma ɗan cizon da suke samu shi ke riƙe musu garkuwar, a rage manyan da damina saboda kirci da lalata nonon hantsa ya isa. In Allah ya kiyaye wata ta sake faɗuwa, kar a yar da kan, likita na ɗibar ɗan yanki na ƙwaƙwalwa a duba a madubin likita a ga bakteriyar ƙuru-ƙuru, ko a aika cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, amma shi zai buɗe ba ku ba, don ciwon haukan kare ma yana rikita saniya kamar haka. Dabbar da aka yi wa allura kwanan nan kuma ba a cin namanta ko shan nononta sai kwanakin da aka rubuta sun cika.

Ka faɗa wa yaran da ke cirar kaskar su daina fasa ta da farce ko haƙori, su sa hantsaki ko leda a hannu su jefa a wuta ko cikin kananzir, wadda ta ƙoshi in aka yar a ƙasa ƙwai za ta je ta zuba a bakin shingen. Ciwon ruwan zuciya na dabbobi ne, amma ita koti tana ɗauke da wata bakteriyar daban mai kama mutum, ita wannan har ta cikin ƙwai take bi daga uwa zuwa 'ya'ya, tun suna garin barkonon nan suna da ita. Alamarta zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa da wani baƙin ɓawo a inda ta ciza, sau da yawa a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi. Duk wanda ya ga haka a jikinsa ya je asibiti ya buɗe baki ya ce kaska ce ta cije ni, maganinsa daban ne.

Ranar da za ka je rugar ka tafi da ƙaramar kwalba mai murfi, bayan an gama gaisawa ka ce Baffa ya nuna maka koti da miri a jikin saniya ya ciro maka biyu-uku ka kai wa likitan ya gani. Ka rubuto min bayan sati biyu in ji yadda kuka yi da Hajiya da kuma abin da ma'aunin ke nunawa.